Wa ke yi mana tunanin shekarar 2050?

Nafisa Zariya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. Ina shirya wa ɗalibaina darasi a kan tsare-tsaren raya ƙasa, sai na jera su a takarda. Vision 2010 a zamanin Abacha, wanda kwamitin Cif Ernest Shonekan ya miƙa rahotonsa a 1997. Vision 20:2020 a zamanin marigayi 'Yar'aduwa, da burin Najeriya ta shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki kafin 2020. Ga kuma Agenda 2050 da Buhari ya ƙaddamar a 2023 ana gab da sauka. Biyun farko wa'adinsu ya zo ya wuce. Yarinyar da ke aji ɗaya a firamare yau, a 2050 ta haura shekara 30, ga 'ya'ya a gabanta. Shin akwai wanda aikinsa a gwamnati shi ne ya zauna ya yi tunanin ruwan da za ta sha da aikin da za ta yi? Ko kowa shekara huɗunsa kawai yake kallo?

Alhaji Na Kwari: Wa alaikumus salam Malama. Ni ɗan kasuwa ne, ban iya dogon Turanci ba. Mutumin da bai karya kumallo ba, ba ka yi masa zancen 2050. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 magidanci lissafin cefanen gobe yake yi. A gyara yau tukuna.

Sadiq: Alhaji ya gama magana. Gobe ma ta Allah ce, balle shekara 25.

Malam Habu: Sadiq ɗana, gobe ta Allah ce, babu musu, kuma gaibu shi kaɗai ya sani. Amma koma ka karanta Suratu Yusuf a natse. Da aka kawo wa Annabi Yusuf, alaihis salam, mafarkin sarki, bai tsaya ga fassara kawai ba. Cewa ya yi a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, domin shekaru bakwai masu tsanani na tafe. Sannan ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa. Ka duba da kyau: ga hange, ga dabarar ajiya don kada hatsi ya lalace, ga kuma mutum guda amintacce da aka damƙa wa aikin. Kakanninmu ma da ba su shiga aji ba, maigida ba ya buɗe rumbun bana sai na bara ya ƙare. Tanadi ba ya kore tawakkali.

Sadiq: Na karɓi gyara, Malam. Allah ya ƙara ilimi.

Baba Mai Ritaya: Nafisa 'yata, kin taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, fiye da rabinsu a sashen tsare-tsare da kasafi. Ba zan kama sunan wuri ba. Abin da zan gaya miki shi ne, takarda ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Akwai wani sito a bayan ofishinmu, katan-katan ne har rufi, duk rahotanni ne masu kyawun bango. Ran da muka buɗe shi za a yi fenti, gara ta cinye na ƙasa, sai dai a kwashe da shebur. Na tsuguna na ɗauki wani da ya tsira, sai na ga tsarin samar da ruwa ne na wani gari, da taswira, da lissafin yawan jama'a shekara 20 gaba. Wallahi aiki ne mai kyau. Ba wanda ya taɓa buɗe shi ran da ake rabon kuɗi.

Ga yadda kasafi yake tafiya. Sakula za ta fito, a ba kowace ma'aikata ambulan ɗinta, wato iyakar abin da za ta nema. Jami'i ya ɗauko na bara, ya ƙara kashi goma, ya canza kwanan wata. Sai masu mulki su shigo da nasu ayyukan, waɗanda za a iya yanke musu ƙyalle kafin zaɓe. Ina tsarin shekara 20 zai samu wurin zama a nan?

Na taɓa rubuta takarda shafi huɗu, na nuna cewa unguwannin bayan gari suna cika da gidaje ba tare da an ware filin makaranta ko hanyar ruwa ba, kuma nan da shekara 15 sai an rushe gidajen mutane kafin a yi magudana. Fayil ɗin ya yi wata uku yana yawo. Da ya dawo teburina, haruffa uku ne a kai da jan biro: KIV. Wato a ajiye, za a duba. Yau in damina ta yi ƙarfi, unguwannin nan a cikin ruwa suke kwana. Duk sanda na gani a labarai sai zuciyata ta yi nauyi.

Nafisa Zariya: Allah ya saka, Baba. Amma ai akwai dokar 2007 ta kula da kashe kuɗin gwamnati, wadda ta wajabta tsarin kashe kuɗi na shekara uku. Ba ta taimaka ba?

Baba Mai Ritaya: Ta taimaka, a kalla an tilasta a rubuta hasashen farashin mai da canjin dala na shekara uku. Amma shekara uku ba nesa ba ce, 'yata. Dam, layin dogo, horar da likita tun daga aji ɗaya na sakandare, duk sun fi haka. Kuma muna da cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta Kuru, kusa da Jos, tun 1979, manyan ma'aikata da hafsoshi suna zuwa su yi nazari mai zurfi su miƙa rahoto duk shekara. Tunani akwai shi. Igiyar da za ta ɗaure tunanin da kuɗi ce ta tsinke.

Bukar Yerwa: Ku yi haƙuri in shigo. Ni ba masani ba ne, amma na san ranar da rashin tanadi yake ƙwanƙwasa ƙofa. Daren 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ina unguwar Gwange a Maiduguri. Cikin dare na ji maƙwabta suna ihu. Na sauko daga gado sai ƙafata ta faɗa cikin ruwa. Kafin in ɗauko takardun makarantar yara ruwa ya kai gwiwa, kafin mu fita layi ya kai ƙirji. Mahaifiyata ba ta iya tafiya, a baya na goya ta, matata ta ɗora ƙaramin a wuya. Tana bayana tana ta salati, sai na ji ta ce, "Haka aka yi a 1994." Shekara 30 cif tsakani. Kasuwar Monday ta nutse, ruwa ya shiga fadar Shehu, namun daji sun fito daga gidan zu. Ba na kama sunan kowa. Abin da nake tambaya kawai, a cikin shekara 30 ɗin nan, ba a samu wanda zai ce abin nan zai iya dawowa ba?

Malam Habu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Malam Bukar, ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Injiniya Hadiza: Sannu Yaya Bukar, Allah ya kiyaye gaba. Fannina ke nan, don haka bari in ɗan tsawaita. Gargaɗi na shekara-shekara muna da shi. Hukumar hasashen yanayi NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Wannan hangen wata shida ne. Na shekara 30 daban yake. Misali, Kamaru ta gama madatsar Lagdo a 1982, a kan kogin Binuwai. Tun lokacin ake zancen gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa don ta riƙa tare ruwan da aka sako. An yi ambaliyar 2012, an yi ta 2022, har yau zance ne.

Amma kada mu ɗauka cewa duk mai gina babban abu ya gama hange. Kowa a Kano yana yi wa marigayi Audu Bako addu'a, kuma ya cancanta. Madatsar Tiga da ya gina a farkon shekarun 1970 ita ke ba Kadawa da Kura ruwan noman rani, tumatir da shinkafar da ake lodi daga can albarkacinta ne. To amma je ka Hadeja da Nguru ka tambayi masunta da manoman fadama. Da aka tare ruwa a Tiga, daga baya aka ƙara da Challawa, ambaliyar da ke zuwa ta janye kowace shekara ta canza hali. Ciyawar kacala ta samu ruwa mai zama wuri ɗaya, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. An hango manomin Kura, ba a hango masuncin Nguru ba. Hangen nesa na gaske sai an tambayi wa ke ƙasan kogi, ba wanda ke gindin madatsa kaɗai ba.

Alhaji Na Kwari: To kun gani. Injiniya da kanta ta ce ko an hanga ana kuskure. Me ya sa za a ɓata kuɗi?

Injiniya Hadiza: Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba. Da an zauna da mutanen ƙasan kogi tun farko, da an tsara yadda za a riƙa sako musu ruwa a kan kari. Gyara a kan takarda ya fi arha a kan gyara bayan an zuba kankare.

Aminu Helsinki: Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ina karatu a Finland, bari in faɗi abin da na gani. Tun 1993 majalisar dokokinsu take da kwamiti na musamman mai kula da al'amuran gaba, 'yan majalisa 17 daga jam'iyyu daban-daban. Kowace gwamnati, a cikin wa'adinta, tana kawo wa majalisa rahoto a kan abin da take hange, kwamitin ya tattauna ya mayar da martani. Ba duba suke yi ba. Ba sa cewa ga abin da zai faru. Cewa suke yi, in kaza ya faru me za mu yi, in kuma akasinsa ne fa? Su zana hanya uku ko huɗu, su nemi matakin da zai yi amfani ko wacce aka bi.

Singafo kuma ta fi burge ni. Wani kaso na ruwan shanta daga Malesiya take saye, yarjejeniyar za ta ƙare a 2061. Tun shekaru da dama da suka wuce suka fara tace ruwan da aka yi amfani da shi da kuma na teku, don kada ranar ta zo musu a ba-zata. A 2009 suka kafa wata ƙaramar cibiya da aikinta kawai shi ne lura da abubuwan da ke tasowa, tana ƙarƙashin ofishin firaminista.

Sadiq: Yaya Aminu, Finland gaba ɗayanta ba ta kai jihar Kano yawan mutane ba. Singafo kuwa gari ɗaya ce. Kuma can ba a sace kuɗin.

Aminu Helsinki: Gaskiyarka a kan girma. Amma kwamitin mutum 17 bai fi ƙarfin majalisar jiha ba, ai kwamitocin da suke da su sun fi haka yawa. A kan kuɗi kuwa, kwatanta mu da Norway. Sun yi dokar asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, suka fara zuba kuɗi a 1996, yau ya haura dala tiriliyan ɗaya, kuma ƙa'idarsu ita ce abin da za a ɗiba a shekara kada ya wuce kusan kashi uku cikin ɗari. Mu ma mun buɗe asusun rarar mai a 2004. Gwamnoni suka kai ƙara Kotun Ƙoli suna cewa tsarin mulki ya ce a raba. Aka yi ta rabawa har ya kusa ƙarewa. Dabara ɗaya ce, su sun kewaye tasu da doka da yardar kowa.

Ɗan Maraɗi: Barkanmu da warhaka 'yan'uwa. Duk manyan ofis kuke magana, bari in kawo ta ƙauye. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakinmu a Maraɗi da Damagaram sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa, shuka sai an yi ta sau biyu sau uku. An kashe kuɗi an dasa itatuwa, yawanci suka mutu. Abin da ya ceci ƙasar shi ne sassabin zamani. In manomi yana sharar gona ya ga tohon kututture, maimakon ya sare ya ƙone, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya datse saura. Saiwar tana nan da rai a ƙasa. Yau ana maganar kadada miliyan biyar da suka sake yin itace.

Mahaifina yana da gawo a gonarsa wanda ya bari tun yana tsawon sanda. Da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Geron gindinsa ya fi na ko'ina tsawo. Na taɓa tambayarsa me ya sa da can ba su bari. Ya ce da can itace na gwamnati ne, in ka taɓa shi ma'aikatan gandun daji su ci ka tara, to wa zai reni abin da ba nasa ba? Da aka sassauta, mutum ya tabbata in ya rena shi zai mora, shi ke nan. Wani lokaci abin da ake buƙata daga gwamnati shi ne ta lura da abin da talaka ya fara, ta cire masa ƙaya a hanya.

Sai dai mu ma da sauran aiki. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan huɗu ba, yau mun haura 25. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai, mu goma sha ne muka gaje ta.

Baba Mai Ritaya: Ɗan Maraɗi, ka zo wurin. Mu kuma a nan ko adadinmu ba mu sani ba. Rabonmu da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka samu miliyan 140 da 'yan kai. Ta 2023 an shirya aka ɗage. Ƙa'ida duk shekara goma ce. Shi ya sa yaran da ba sa zuwa makaranta wani ya ce miliyan 10 ne, wani ya ce 20. Yaya za ka san ajujuwa nawa za ka gina? Duk lissafin da na yi a shekarun ƙarshe na aikina, ƙiyasi ne a kan ƙiyasi.

Anti Rabi Gusau: Ni a ɓangaren lafiya nake, kuma maganar Ɗan Maraɗi ta lura da abin da ke faruwa a ƙauye ita ta taso ni. Ku tuna gubar dalma a Zamfara a 2010. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Suna kawo duwatsun cikin gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar cike take da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Alamun duk suna fili tun kafin nan: injinan niƙa sun ƙaru, baƙi suna shigowa sayen zinare, yara suna suma suna jijjiga. Mai kula da ma'adinai bai san abin da ma'aikacin lafiya ke gani ba, shi ma bai san abin da hakimi ya sani ba. Ba wanda aikinsa ne ya haɗa su. Yanzu ga shi ana rububin lithium a Nasarawa da wasu wurare. Ina roƙon Allah a ce wani yana tambayar me zai biyo baya.

Alhaji Na Kwari: Hajiya, maganarki ta tuna mini da abu. Mahaifina atamfar Kaduna yake sayarwa, daga Kakuri ake yi masa lodi. Wajen farkon shekarun 2000 muka fara ganin atamfar Cana, zane iri ɗaya, har tambarin kamfani an kwaikwaya, farashi ƙasa sosai. Duk ɗan Kwari ya san inda aka dosa. Yaron shago ma ya sani. Masaƙunmu ga tsofaffin injina, ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka kafa tun 1957 ta rufe, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007, Sharaɗa da Bompai suka yi tsit. Da wani ya zo kasuwa ya zauna da mu tun da wuri, da mun gaya masa. Ba wanda ya zo.

Nafisa Zariya: Alhaji, ai ka dawo ɓangarenmu ke nan.

Alhaji Na Kwari: Ban dawo ba tukuna, Malama. Na yarda akwai amfani a saurari mutane tun abu yana ƙarami. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kafa sabuwar hukuma, a sayi motoci, a yi taro a otal a Abuja. In haka ne gara a bar kuɗin a sayi taki.

Baba Mai Ritaya: A nan ni da kai bakinmu ɗaya, Alhaji. Ba hukuma ake buƙata ba. Mutum biyar ko shida sun isa a jiha, masu kunne, waɗanda ba a canza su in gwamnati ta canza. Su je Kwari, su je Dawanau, su je tashar mota, su zauna da ungozoma da sarkin noma da arɗo. Dokar burtali da wuraren kiwo ta Arewa tun 1965 take, da akwai mai zagayawa yana rubuta yadda gonaki ke cinye burtali shekara bayan shekara, da ba mu wayi gari cikin wannan jinin na rikicin manoma da makiyaya ba. Sannan doka ta ce ba za a miƙa kasafi ga majalisa ba sai an haɗa da bayanin inda ya dace da dogon tsari da inda ya kauce, a karanta a fili. In ba a ɗaura shi a jikin kasafi ba, sitonmu zai koma.

Sadiq: Baba, to yau in an ba ka wannan aikin, me za ka fara sa wa ido?

Baba Mai Ritaya: Ruwan ƙarƙashin ƙasa, ɗana. Sola ta yi arha, kowa yana haƙa burtsatse, gida-gida, gona-gona. Da can tsadar man janareta ke sa mutum ya kashe famfo, yanzu rana kyauta ce, injin yana ja tun safe har la'asar. Alheri ne babba ga mai noman rani, ina murna da shi. Amma ba mai ƙirga nawa ake ja, nawa damina ke mayarwa. Rijiyar gidanmu da na tashi ina ja da guga ta ƙafe shekaru da suka wuce.

Injiniya Hadiza: Baba ya faɗi abin da ke hana ni barci. Masu haƙa burtsatse su ne suka fi kowa sani, domin su ke ƙirga bututu nawa suka zura kafin su tarar da ruwa. Ba mai karɓar wannan lissafin a hannunsu.

Nafisa Zariya: To ni na samu aikin gida da zan ba ɗalibaina. Su 62 ne, daga garuruwa daban-daban. Kowa in ya je hutu ya nemi mai haƙa burtsatse ko tsohon mai haƙar rijiya a unguwarsu, ya tambaye shi gaba nawa ake samun ruwa shekara 20 da suka wuce, yanzu kuma nawa, ya rubuto da sunan unguwa. Anti Hadiza, in sun kawo za ki duba mana?

Injiniya Hadiza: Da gudu ma. Ki ce su rubuta ko da rani aka haƙa ko bayan damina, kuma ko wurin dutse ne ko yashi. Gaba kuma ta kowa daban ce, in mai haƙar ya san mita ko ƙafa su rubuta da shi. Zan turo miki ɗan fom yau da dare bayan isha'i.

Ɗan Maraɗi: Malama, a turo mini ni ma. Ina da ƙane malamin lakwal a Tasawa, zai sa yaransa su cike.